Wasiƙa Ga Sababbin Iyaye: Kafin Ku Ce "Yi Shiru"

'Ya'yana,

Kan kukan yaro nake so mu tattauna. Yawancinmu mun tashi a gidajen da ake kashe kuka da tsawa. In namiji ne a ce masa namiji ba ya kuka, in ya ƙi a kira masa dodo. Zai yi shiru kuwa, amma ɓoye abin da ke ransa ya koya. Haƙuri daban ne, don mai haƙuri ya san abin da ke cin sa kafin ya daure.

Ku dubi yaron da aka yaye. An kai shi gidan kaka, ya dawo, ba a jima ba jariri ya karɓe masa bayan uwa. Sai ya koma fitsarin kwance, ya ƙi tuwo, yana mintsinin ƙaninsa. Mu ce ya sangarce, mu ɗauko bulala. Kishi ne da kewa ke damun sa, bakinsa kuma bai san sunansu ba. Ke uwa, ɗora shi a cinya ki ce, "Kana jin haushi don na goya ƙaninka, ko?" Mintsinin ki hana shi, babu sassauci. Haushin kuwa ki saurare shi. Yaron da ya iya cewa "raina ya ɓaci" hannunsa kan rage saurin duka.

Tun a shekarun 1970 wani masani ɗan Amurka, Edward Tronick, ya sa uwaye su daskare fuska a gaban jariransu na 'yan mintoci. Jariran suka yi murmushi, suka miƙa hannu, da ba a kula su ba suka rikice da kuka. Nakan tuna wannan duk sanda na ga uwa tana shayarwa idonta na kan waya.

Ku kuma iyaye maza, kada alkunyar ɗan fari ta zama katanga tsakaninku da shi. Manzon Allah (SAW) ya tarar da Abu Umair, ƙanin Anas bin Malik, cikin baƙin ciki saboda ɗan tsuntsunsa ya mutu, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Tsuntsu fa! In ɗanka ya shigo da hawaye don motar gwangwaninsa ta lotse, durƙusa ka duba ta tare da shi. Ranar da ka yi masa tsawa ba da hakkinsa ba, kira shi da dare ka ce ya yi haƙuri, gajiya ce ta sa.

Allah Ya raya mana su. Wassalam.

Innarku