Awon Iskar Metan a Sararin Ƙuryar Arewacin Duniya

Iskar metan (CH4) na cikin iskokin da ke riƙe zafin rana a doron ƙasa. Wasu ƙananan halittu ne ke samar da ita a inda babu iskar shaƙa, kamar cikin laka ta fadama da tumbin shanu. Kafin zamanin masana'antu, adadinta kimanin kashi 720 ne cikin biliyan ɗaya na iska, amma a shekarar 2022 ya haura 1,900.

Abin da ya ja hankalin masana zuwa Ƙuryar Arewa shi ne daskararriyar ƙasar Saberiya da Alaska da Kanada, wadda ta daɗe tana ɓoye da matattun tsirrai. Idan ta narke, tsirran su ruɓe, metan ya fito. To amma awo a ƙasa kaɗai, irin wanda ake yi a tashar Baro ta Alaska, ba ya wadatarwa, domin metan ba daidai yake ba daga ƙasa zuwa sama. Can ƙololuwa yana raguwa, saboda sinadaran da hasken rana ke haifarwa suna wargaza shi. Da hunturu kuwa, wata gagarumar guguwa kan kewaye ƙuryar, iskar sama mai ƙarancin metan ta gangaro ƙasa-ƙasa. Tauraron ɗan'adam da ke auna iskar a dunƙule zai iya nuna raguwa, alhali fadamu ba su rage komai ba.

Dabarar da ake kira AirCore, wadda Pieter Tans ya ƙirƙiro a Amurka, tana da ban sha'awa don sauƙinta. Siririn bututun ƙarfe ne mai tsawon kimanin mita 100, an naɗe shi kamar gammo, baki ɗaya a toshe, ɗaya a buɗe. A garin Sodankila na Finlan, akan ɗaura shi a balan-balan ya tashi kusan kilomita 30. Yana hawa matsin iska na raguwa, sai iskar cikinsa ta fice. Da balan-balan ya fashe, laima ta sauko da bututun, iskar kowane mataki ta riƙa kutsawa ciki bi da bi: ta ƙololuwa can ƙurya, ta kusa da ƙasa a bakin bututu.

Daga nan sai gaggawa. Dole a nemo shi a cikin daji, ko da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, a kai shi ɗakin bincike cikin 'yan sa'o'i, kafin iskokin su cakuɗe.