Darasi na 14: Yadda Hasken Rana Yake Raba Ruwa

Karanta wannan bayani a tsanake, sannan ka amsa tambayoyin da suke ƙasa.

Idan ka ziyarci madatsar ruwa ta Usuma, wadda take shayar da birnin Abuja, za ka ga farantan sola a jere kusa da matatar ruwa. Gwamnatin Japan ce ta ba da gudummawarsu, aka ƙaddamar da su a shekarar 2016. Da rana suna samar da wutar lantarki, amma da zarar rana ta faɗi sai aikinsu ya tsaya. To, yaya za a adana ƙarfin rana domin dare?

Wata amsar tana cikin ruwan kansa. Ruwa haɗi ne na haidirojin da oksijin. Haidirojin makamashi ne. Ana iya tara shi a tukunyar gas, a ƙona shi lokacin da ake bukata. Idan ya ƙone, ruwa yake komawa, ba ya yin hayaƙi.

A shekarar 1972, masana biyu na Japan, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka nuna cewa haske yana iya raba ruwa. Sun tsoma wani sinadari da ake sakawa a farin fenti cikin ruwa, suka haɗa shi da wani ƙarfe ta waya, suka haska shi. Sai oksijin ya fito ta gefe guda, haidirojin ta ɗaya gefen.

Sai dai akwai sauran rina a kaba. Wannan sinadari ba ya amfani da fiye da kashi 5 cikin 100 na hasken rana. Waɗanda suka fi shi ƙarfi suna da tsada, kuma ruwa yana cinye su da wuri. Muddin ba a samo mai araha da ƙarko ba, wannan makamashi ba zai isa gidan talaka ba. Ƙasarmu tana da rana, tana da ruwa. Masu binciken ake jira, wataƙila har da kai.

Sababbin Kalmomi
madatsa: wurin da aka tare ruwa
makamashi: abin da ake ƙonawa a sami wuta
ƙarko: daɗewa ba tare da lalacewa ba

Tambayoyi
1. Me ya sa farantan sola suke daina aiki da dare?
2. Waɗanne abubuwa biyu ne suka haɗu suka zama ruwa?
3. Mece ce ma'anar "akwai sauran rina a kaba"?