Lanho da Tikitin Kasuwa: Yadda Ƙaramar Hukuma Za Ta Tara Kuɗi, Jama'a Su Ga Aiki

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji, ya ratsa Tsibiri da Maradi, ya wuce Caduwa da Agye har Gazawa, ya san ƙasar nan Allah ya yi mata arziki. Ga gero da wake, ga gyaɗa da riɗi, ga ayar da fatake ke lodinta mota-mota, ga kara cike da dabbobi kowace ranar kasuwa. Amma ka leƙa ofishin magajin gari a yawancin garuruwan nan, kukan ɗaya ne: asusu babu kuɗi. Talakawa na cewa, "Mun biya, me aka yi mana?" Hukuma na cewa, "Ba ku biya ba, da me za a yi?" Ana wannan ja-in-ja, shara na cin bakin kasuwa, fanfo ya lalace, yara na karatu a rumfar kara. Wannan matsala tana da magani, kuma maganin yana hannunmu.

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 aka ɗora wa kowace komin, wato ƙaramar hukuma, nauyin hidimar mutanenta. A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji akwai komin tara: Agye da Caduwa, Gazawa da Gangara, waɗanda aka yanke musu gundumarsu daga Agye a 2011, sai Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. A 2016 gwamnati ta ƙara miƙa musu wasu ayyuka na ilimi, lafiya, ruwan sha da muhalli. A Afrilun 2024 an rusa majalisun da aka zaɓa, aka naɗa kantomomi. Shugabanci ya sauya hannu, amma kayan da ke kai bai ragu ba. A yankin Gidan Rumji ma ƙaruwa ya yi, domin tun 2019 ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suke raba rijiya da likita da ƴan gari.

Kuɗin komin ta ƙofa uku yake shigowa: abin da ta tara da kanta, tallafin gwamnati wanda hukumar ANFICT ke rarrabawa, da gudummawar ƙungiyoyin raya ƙasa. Ƙofofi biyun ƙarshe mabuɗinsu ba a hannun gari yake ba. Tallafi yakan makara, masu ba da gudummawa kuma sukan ce sai komin ta fara ajiye nata kaso kafin su gina aji ko su haƙa rijiya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka shawarata kan ƙofa ta farko take.

Mu fara da lanho, wato harajin kai. An daɗe a karkara ana yanke shi a kan sefa 700 ga kowane baligi, abin da tsofaffi ke kira dala ɗari da arba'in, masu gari ke tarawa, a ba su ladansu daga ciki. A ce gari yana da mutum 500 masu biya, a shekara sefa 350,000 ke nan. Babbar cutar tana cikin littafin sunaye. Za ka iske mai gari riƙe da tsohon kundi: sunan wanda ya rasu yana nan, yarinyar da ta yi aure a wani gari tana kan katin iyalin mahaifinta, samarin da suka kafa gidajensu kuwa babu su. Sai a lissafa wa gari kuɗin da ba zai taɓa cikawa ba, bashi ya hau bashi, mai gari ya gaji ya saki. Maganin shi ne a sake ƙidaya gida-gida, a zauna a ƙofar mai gari tare da liman da dattawa, a karanta sunaye da ƙarfi kowa na ji. A soke na sokewa, a rubuta na rubutawa. Tsohon bashin da aka gina kan lissafin banza a nemi hanyar da doka ta yarda a share shi, a fara da sabon shafi.

Sai lokacin karɓa. Manomin Gangara ko na Saye Sabuwa da kaka yake da kuɗi, sa'ad da ya sayar da wake da gyaɗa da aya. Idan takardun lanho ba su iso hannun masu gari ba sai bazara, an makara: rumbu ya yi ƙasa, matasa sun tafi cirani, abin da ya rage na iri ne da na tuwo. Dole a gama shirya takardu kafin girbi, a fita karɓa tun tiyar wake tana hannu. Ladan masu gari kuma a biya su nan take, domin wanda aka hana haƙƙinsa bana ba zai yi zafin nama baɗi ba.

Inda ɓarna ta fi yawa ita ce kasuwa. Tsaya kusa da mai karɓar kuɗin tikiti ka gani. Ya zo gaban mai tallar barkono, kuɗin wuri dala ashirin. Ta miƙa masa dala goma, ya soka a aljihu, bai yaga takarda ba, kowa ya ji ya ci riba. Can gaba ya ba wani tikitin makon jiya da ya tsinta. A kara, dillali ya ja mai saye da mai sayarwa bayan katanga, aka ƙulla cinikin sa, aka kore shi ta baya. Da yamma a kawo wa ma'ajin komin abin da bai kai rabin abin da kasuwar ta bayar ba. Sau da yawa kuma mai karɓar nan ɗan gidan wani babba ne, ba mai iya tsawata masa.

Ga abin da ya kamata a yi. Da farko a san ƙarfin kasuwar: a tura amintattun mutane, ba tare da sanarwa ba, su karɓi kuɗin da kansu kasuwa uku ko huɗu, da kaka da kuma rani. Abin da suka samu shi ne ma'auni, duk mai karɓar da ya riƙa kawo ƙasa da haka sai ya yi bayani. Na biyu, kowane kundin tikiti ya kasance da lamba da hatimi, a riƙa sauya launinsa, a ƙirga shi wajen fita da wajen dawowa. Na uku, kuɗi kada ya kwana a aljihun kowa. Ranar da aka karɓa ranar za a zuba shi a asusu, a ba da rasiti. Na huɗu, a kewaye kara a bar mata ƙofa ɗaya, a jawo sarkin kasuwa da shugabannin dillalai da mahauta da ƴan tasha cikin kwamitin sa ido. A riƙa juya masu karɓa daga wannan layi zuwa wancan, a kuma biya su ladansu a kan kari.

Duk wannan ba zai ɗore ba in jama'a ba su ga inda kuɗin ya shiga ba. Gani ya kori ji. Doka ta raba kasafin komin gida biyu, na tafiyar da ofis da na ayyukan raya gari, amma in aka yi sakaci sai man fetur da kuɗin zama da tarbar baƙi su cinye duka. Ina ba kowane kantoma da kowane magajin gari shawara, ranku ya daɗe, ku kafa allo a ƙofar kasuwa, a rubuta da Hausa, boko da ajami: abin da aka tara makon jiya kaza, abin da aka yi da shi kaza. A karanta shi a gidan rediyon gari. A ware wani kaso na kuɗin kowace kasuwa ya koma mata: kwashe shara, gyaran rumfuna, makewayi, ruwa a mahauta. Haka lanho: garin da ya cika nasa kan lokaci shi za a fara yi wa gyaran fanfo ko tebura na lakwal. Aƙalla sau biyu a shekara shugaba ya fito dandali ya yi bayanin shiga da fita, ya saurari tambaya ko da mai zafi ce. Yanzu da babu kansilolin da ke kai kukan ƙauyuka, wannan zama ya fi kowane lokaci zama wajibi.

Akwai kuma hidimar da ba ta cin kuɗi da yawa amma take sayo yardar mutane. Shelar haihuwa kyauta ce in an yi ta cikin wa'adi. In aka bari ya wuce, sai an bi ta gaban alƙali. Uban da ya zo daga ƙauye a kan amalanke neman takardar haihuwar ɗansa, ya iske ma'aikaci a kujerarsa, aka sallame shi ba tare da an ce ya kawo na goro ba, wannan uba ba sai an bi shi da sanda ranar lanho ba.

Kai kuma ɗan'uwa mai biya, naka aikin bai wuce biyu ba: ka biya, ka karɓi takarda. Dala goman da kake ganin ka rage, daga rijiyar unguwarku ka cire ta. Kada ka ba kowa ko dala ɗaya ba tare da tikiti ko rasiti ba, ka adana shi, ranar taron bayani ka je da shi a hannu ka tambayi abin da aka yi. Wanda ya biya shi ke da bakin tambaya, wanda ya karɓa kuma wajibi ne ya amsa.