Amsar Tambaya: Wane Gari Ya Rage Mini?

Tambaya: Likita ya hana ni alkama, ga madara da gyaɗa suna ɓata mini ciki. Wane gari zan riƙa amfani da shi?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Idan saboda sinadarin gilutin ne aka hana ki alkama, yana cikin alkama da sha'ir, don haka fulawa, semo, taliya, alkaki da funkasau sun fita. Amma gero, dawa, masara, shinkafa, acca da rogo babu shi a cikinsu. Acca na fi so miki, saboda sauƙinta a ciki.

Inda nake jiye miki tsoro shi ne wurin niƙa. Injin da ya niƙa alkama ko gyaɗa ɗazu zai bar ɓurɓushi a garinki, kuma ga mai cutar siliyak, wato wanda jikinsa ba ya jure gilutin, ɗan ɓurɓushin alkamar ya isa ya yi wa hanji illa. Ki sayi tsaba, ki wanke, ki shanya, ki daka a turminki; rariya ma ki ware taki. Ɗanwaken saye kuwa ki tambaya tukuna, da yawa suna haɗawa da fulawa.

Garin gurjiya ko na aya ki gwada su ɗaya bayan ɗaya, da 'yan kwanaki tsakani, don ki gane wanda bai karɓe ki ba.