Tagwaye Iri Uku, Mahalicci Ɗaya

Karatu: Farawa 25:21-28, Zabura 139:13-16

A zangon Salaga, Yendi ko Bawku, idan ka ji an kira Hassan ka san Hussaini na kusa. Muna murna da tagwaye, amma muna jin tsoronsu kuma. Wasu sun ce suna da iko a kan kunama. Wani maigida kuwa, da ya ga tagwayensa ba su yi kama ba, sai ya fara zargin matarsa. Bari mu ga yadda Allah ke siffanta su a ciki.

Iri na farko, ƙwan mace ɗaya ne ya haɗu da ƙwayar maniyyi ɗaya, sa'an nan ya rabu biyu. Waɗannan su ne masu kama sak, maza biyu ko mata biyu. Iri na biyu, ƙwai biyu ne, kowanne da nasa maniyyin. Kamarsu ba ta wuce ta wa da ƙane ba, suna iya zama mace da namiji. Wannan iri ya yawaita ƙwarai a Afirka ta Yamma. Ga alama Isuwa da Yakubu irinsu ne: Isuwa ja ne mai gashi, Yakubu kuwa mai sulɓin jiki, amma dukansu 'ya'yan Ishaku ne.

Akwai iri na uku, wanda ba safai ake ganinsa ba. An fara gano shi a Amurka a 2007. A 2014 kuma aka haifi wasu a birnin Birisben na ƙasar Ostareliya. Hoton ciki a mako na 6 ya nuna mabiyiya ɗaya, likitoci suka ɗauka masu kama sak ne. A mako na 14 sai ga mace da namiji! Bayanin da suka buga a 2019 shi ne, ƙwai ɗaya ne ya karɓi ƙwayoyin maniyyi biyu na uba ɗaya a lokaci guda. Yawanci irin wannan ciki ba ya zama. Wannan ya zauna, ya rabu biyu. Gadon jini da yaran suka samu daga uwa ɗaya ne sak, daga uba kuwa kashi 78 cikin 100 ne suka yi tarayya.

Ɗan'uwa, ka lura. Ko a wannan abin mamaki, uba ɗaya ne. Rashin kama ba shaidar zina ba ce, yawan kama kuma ba aikin iskoki ba ne. Dawuda ya shaida cewa Allah ne ya harhaɗa shi a cikin uwarsa, tun ba wanda ya gan shi. Abin da ya raba gidan Ishaku ba gashin Isuwa ba ne, son kai ne: uba ya fi son wannan, uwa ta fi son wancan.

'Yar'uwa mai ciki, da yaran suka yi ta kokawa a cikin Rifkatu, wurin Ubangiji ta kai tambayarta. Ke ma ki yi addu'a, ki kuma je awo da wuri, ko a Asibitin Presbyterian na Bawku ko asibitin gwamnati na Yendi ko Salaga. Ki tambaya ko mabiyiya ɗaya ce ko biyu, gama tagwaye masu mabiyiya ɗaya, wani lokaci ɗaya yakan ja jini fiye da ɗan'uwansa, don haka suna bukatar a riƙa duba su akai-akai. Maigida, ka raka ta.