Darasi Kan Nunar Ɗiyan Icce: Ceri, Agwaluma Da Matsarmama

Darasinmu na wanga mako a kan suna guda ne da ya hau kan abu uku, sa'an nan a kan wata ƙa'ida ta nuna wadda rashin saninta ke cinye uwar kuɗin mutum tun kaya na cikin mota.

Sunan shi ne ceri. Kalmar Turawa ce, amma ta shigo kasuwa. Mutanen Kudu sun ɗora ta kan agwaluma, masu sayar da iri cikin 'yar takarda sun ɗora ta kan dangin matsarmama, alhali mai sunan na asali wani icce ne dabam wanda ba ya yi a ƙasarmu. Wanda bai rarrabe ukun nan ba, wata rana za a sayar masa da dashen abin da ba zai taɓa cin ɗansa ba.

Fasali kan ƙosawa da nuna

Ku sani ƙosawa dabam, nuna dabam. Ƙosawa a jikin uwa take, ba ta yiwuwa cikin kwando. Nuna kuwa, a nan ɗiyan icce suka rabu kashi biyu. Kashi na farko, in an tsinke su bayan sun ƙosa, za su ci gaba da nuna har su yi taushi da zaƙi: tumatir, mangwaro, ayaba, gwanda. Dalili, akwai wata iska da suke fitarwa daga jikinsu, masana na kiranta etilin, ita ke juya garin da ke cikinsu ya koma sukari. Shi ya sa nunanniyar ayaba guda ke jan sauran nono duka su nuna, shi ya sa kuma tumatir guda da ya lugwigwice ke ɓata na kusa da shi. Kashi na biyu, zaƙin da aka tsinke su da shi, da shi za su mutu: lemo, abarba, kankana, inabi, da ceri na Turawa. Ko ka ajiye su mako guda, sai dai su yi yaushi ko launin bawo ya canza, amma zaƙi ba ya ƙaruwa.

To Malam dillali, in mai kaya ya ce maka "ɗauki, kafin ka kai Gusau ta nuna", sai ka duba ko wane kashi ne ke gabanka. In mangwaro ne kuma kafaɗunsa sun cika sun taso kewayen hanci, maganarsa na kan hanya. In kankana ce, ba haka ba ne. A duba cikinta inda ta kwanta ƙasa ko ya yi ɗorawa, da ɗan zaren da ke kusa da hancinta ko ya bushe. Lemo kuwa kada koren bawo ya ruɗe ku: a ƙasa mai zafi yakan nuna bawo na nan kore, kamar yadda kuke gani ga na Binuwai. Yanka guda za a yi a ɗanɗana.

Ceri na asali, a taƙaice. Icce ne na ƙasashen sanyi, ɗansa kamar babbar magarya, ja wur ko ja mai duhu, da ƙwallo guda a ciki. Kafin ya yi fure sai ya sha sanyi na ƙasa da digiri 7 har ɗaruruwan awoyi, wani irin ma fiye da awa 1,000. Hunturunmu, duk da kukan da muke yi da shi, bai kai ko kusa ba. Turkiyya ta fi kowace ƙasa nomansa, Cile kuma ta fi kowa fitar da shi waje, galibi zuwa Sin lokacin bikin sabuwar shekararsu. Wanda ake gani a manyan kantunan Abuja da Ikko cikin 'yar roba, cikin sanyi ya zo, cikin sanyi yake zama, in ya bar firiji kwana biyu ya tashi aiki. Alamar sabo, ɗan sandan da ke kansa na nan kore. Ba hajarmu ba ce, kuma duk wanda ya kawo maku dashensa a kasuwar Talata, ku yi masa godiya ku wuce.

Agwaluma ita ce tamu ta fatauci. Yarbawa na ce mata agbalumo, Ibo na ce mata udara. A kurmin Kudu take yi, tana shigowa daga Disamba zuwa wajen Afrilu, da yawa ta kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano kafin ta watsu. Can inda take, ba a cika hawa a tsinko ta ba, jira ake ta faɗo da kanta, don wadda ta faɗo ita ce mai zaƙi. Wadda aka kakkaɓo da sanda don a riga kowa kai wa kasuwa, tsami ne da ƙaro mai manne leɓe, kuma ajiya ba ta gyara ta yadda take gyara mangwaro. Amma fa wadda ta faɗo ita ma da nata aibi: ta bugu da ƙasa, sau da yawa kuma ƙuda ya riga ya yi mata ƙwai, sai an fasa a ga tsutsa. Don haka mai saye ya juya ta ya dubi wajen hanci. In kewayen kore ne kuma farin ƙaro na tsattsafowa, kakkaɓo ta aka yi. In akwai 'yar huda kamar ta allura da taushi gefe guda, akwai baƙo a ciki. Kada a tsaya ga saman kwando, a sa hannu a zaro daga tsakiya da ƙasa, ko da mai kaya zai ɓata rai. Gara ya ɓata rai a Kano da kai ka ɓata naka a Mafara.

Ga lissafi don yara masu koyon sana'a. A ce ka sari kwando 20, biyar suka lalace a hanya, watau rubu'i. Kada ka ce rubu'i za ka ƙara kan sauran. Kwando 15 ne za su ɗauki kuɗin 20, don haka sai kowane ya ɗauki ƙarin sulusin kuɗinsa kafin uwar kuɗi ta dawo, ba a yi zancen kuɗin mota da na ɗauko da la'ada ba tukuna.

Fasali kan matsarmama

Kowa ya san ta ko bai san sunanta ba. Ita ce ciyawar da ke fita gefen fangali da bakin kwalbati da kan juji, ɗanta na cikin 'yar jaka kamar fitila, yara na fasa jakar a goshi don ta yi ƙara. Dangin tumatir ce da gauta da tattasai. Tamu ta daji ƙarama ce, zaƙinta kaɗan. Amma tana da 'yan'uwa da aka gyara ake nomawa. Akwai ta ƙasar Feru, mai ɗa kamar ƙaramin tumatir ruwan ɗorawa, wadda Kolombiya ke nomawa kan duwatsu tana kai wa Turai, Misira da Afirka ta Kudu da Kenya su ma suna nomanta. Akwai kuma gajeruwa mai yaɗo ta Amurka, wadda suke kira ceri na ƙasa saboda in ta nuna faɗowa take yi, a ƙasa ake tsintarta.

Nunarta ba ta ɓuya. Jakar za ta bushe ta koma launin kara, ɗan da ke ciki ya bar kore ya koma ɗorawa. Tambihi babba: ɗanyen ɗa mai kore da ganye da jakar ba a cin su, akwai dafi irin na dankalin Turawa da ya yi kore, yana sa ciwon ciki da amai, ga yara ya fi tsanani. Mai talla kada ya haɗa kore da nunanne don mudu ya cika. Wadda ta soma juyawa, in aka shimfiɗa ta a inuwa cikin jakarta, za ta ƙarasa. Wadda take kore shar ba ta da gyara.

Abin da ya sa na ga ta cancanci darasi shi ne jakar nan. Tumatir kwana kaɗan ne gare shi, ita kuwa in an bar ta cikin jakarta wuri busasshe mai iska, tana kai wata guda. In aka ɓare, kwana huɗu ko biyar. Ga mutanen da hanya ke iya rufe masu saboda 'yan bindiga, kaya su kwana uku ba mota, hajar da ke jira ba ƙaramin abu ba ce. Kada a wanke, kada a zuba cikin leda, kada a tara ta fi tsawon tafin hannu.

Nomanta kamar na tumatir. A yafa iri a gadon reno cikin Oktoba, kada a binne da zurfi don irin ƙanana ne, a dasa bayan mako biyar ko shida, tazarar taki guda mai kyau tsakanin gindi da gindi. Takin gargajiya da ya ruɓe ya ishe ta. In aka cika mata yuriya sai ta yi ta ganye ba ɗiya. Ba ta son ruwa ya kwanta mata. Ta Amurka tana soma zubar da ɗiya kamar kwana 70 bayan dashe, watau cikin Janairu zuwa Fabrairu, kafin zafin Maris. Ta Feru ta fi jinkiri kuma ta saba da sanyin tudu, zafin da ya wuce digiri 30 na zubar mata da fure, don haka a ganina ta fi dacewa da Jos da Mambila bisa ga fadamarmu. A shimfiɗa kara ko buntu ƙarƙashin gindi don ɗiyan su faɗa wuri busasshe, a riƙa tsinta kowane kwana biyu.

Amma ban ce kowa ya tashi ya cika gona da ita ba. Ƙasar da ke shan ruwan madatsar Bakolori tsada gare ta. Kamfanin Impresit na Italiya ya gama ginin a 1978, kuma dattawanmu ba su manta da Afrilun 1980 ba, lokacin da aka zubar da jinin manoma a kan diyyar gonakinsu. Irin wagga ƙasa ba a ba da ita ga abin da ba a san mai sayensa ba. Fangali ɗaya ko biyu ya isa gwaji. Kuma tun kafin a yafa iri, dillali ya nemi wanda zai karɓa, mai otal ko mai kanti a Sakkwato ko Kano ko Abuja, ya kai masa ɗanɗano, a yi magana kan awo. Mutanen ƙauye ba za su ba da kuɗi kan abin da suke gani kyauta a kan juji ba, sai bakinsu ya gaya masu bambanci.

Wani tambihi ga masu tumatir, kuma wanga ya fi na sama nauyi. Tsutsar nan da ake kira sharon, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016 har kwando ya gagari talaka, tana rayuwa kan dangin tumatir duka, har da matsarmamar daji. Farin ƙuda mai kawo cutar nannaɗewar ganye shi ma haka. Don haka a tuge ta daga gefen gonar tumatir, a ƙone. Wanda zai noma ta gyararriya ya nisanta ta da tumatir da tattasai da attarugu, kada kuma ya sa ta inda aka cire su bara.

Fasali kan kabayid

Ba a zancen nuna a tsallake shi. Dutsen nan ne na masu walda, wanda wasu ke ƙullawa cikin takarda su cusa tsakiyar mangwaro ko ayaba. In ya ji danshi yana fitar da iskar da ke kwaikwayon etilin, sai bawo ya yi ɗorawa cikin kwana ɗaya ko biyu, ciki kuwa ɗanye, don abin da bai ƙosa ba babu garin da zai koma sukari. Ga shi yana ɗauke da guba irin su asanik, ga iskar na kama wuta. Hukumar NAFDAC ta hana amfani da shi wajen nunar da abinci, ta kuma sha yin gargaɗi. Ana gane kayansa da wari kamar na tafarnuwa, da farin gari a bawo, da launi mai kyau kan ɗa mai tauri da tsami, sa'an nan da saurin baƙaƙen tabo. Ga agwaluma da lemo da kankana ma, ko zaƙin ƙarya ba ya ƙara masu. Mai son mangwaronsa ya nuna da wuri, ya tsinki ƙosasshe, ya jera cikin kwali da nunanniyar ayaba biyu ko uku, ya rufe da takarda ko buhun algarara, ya duba bayan kwana biyu.

Na tumatir mai tafiya Ikko, kwana biyu ko uku a hanya, a tsinke shi yana fara canza launi daga gindi. In ana shakkar kore ya ƙosa, a yanka guda da wuƙa mai kaifi: in 'ya'yan suka zille wa wuƙa kuma ciki ya yi yauƙi, zai nuna, in wuƙa ta raba 'ya'yan biyu, a bar shi a gona. Kada a bar kwanduna cikin rana ana jiran mota, don zafi mai yawa na hana shi yin ja, sai ya tsaya ruwan lemo, can kuma ja ake saye.

Matsarmamar da ba ta samu mai saye ba, ba a zubarwa. A ɓare, a wanke danƙon da ke jikinta, a raba biyu a shanya kan tabarma mai tsabta sama da ƙasa, yadda ake kauɗar tumatir, a rufe da gidan sauro saboda ƙuda. In ta bushe tana kama da zabibi mai ɗan tsami, tana shiga kunu da fura. Ko a dafa ta da sukari, awo biyu nata awo ɗaya na sukari, da ɗan ruwan lemon tsami, har ta yi kauri, a zuba cikin kwalba da aka tafasa, a rufe tun da zafinta.