Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ba A Harbe Winston Tun Farko Ba?

Wani mai karatu daga Gusau ya rubuto mana yana cewa: "Na karanta littafin 1984 na George Orwell, amma abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Tunda hukuma ta san Winston Smith yana yi mata zagon ƙasa, me ya hana ta harbe shi ta huta? Me ya sa ta ɓata lokaci tana gana masa azaba, daga baya kuma ta sake shi?"

Malam, ka taɓo jijiyar littafin. Orwell, wanda sunansa na yanka Eric Blair, ya fitar da shi a 1949, bayan ya ga abin da mulkin Hitler da na Stalin suka yi. Ya san labarin shari'o'in Mosko na 1936 zuwa 1938, inda manyan 'yan jam'iyya suka tsaya a gaban kotu suna amsa laifuffukan da ba su aikata ba. Tambayar da ta dame shi ita ce: yaya ake kai mutum ga haka?

A ƙasar Oshiyaniya ta cikin labarin, Jam'iyya ba biyayya kaɗai take nema ba, zuciya take so. Winston ma'aikaci ne a Ma'aikatar Gaskiya, aikinsa kuwa sauya tsofaffin labaran jarida domin su yi daidai da abin da hukuma ke faɗa yau. A gidan kowane ɗan Jam'iyya akwai allo da ke ganin mutum yana kuma jin sa. Yara na kai ƙarar iyayensu. Parsons, maƙwabcin Winston, 'yarsa ƙarama ce ta tona shi, wai ta ji yana zagin Babban Yaya, shugaban Jam'iyya, cikin barci. A irin wannan wuri, rubuta abin da ke ranka a littafi ma tawaye ne, kuma da shi Winston ya fara. Sai soyayyarsa da Julia, sai ɗakin da suka kama a saman shagon wani mai suna Charrington.

Abin takaicin, duk wannan a kan idon hukuma ya faru. Charrington ɗan sandan tunani ne. O'Brien, babban jami'in da Winston ya ɗauka ɗan'uwa ne a gwagwarmaya, shekara bakwai yana bibiyarsa. An bar shi ne kamar kazar da ake watsa wa tsaba.

To me ya sa ba a kashe shi ba? O'Brien da kansa ya bayyana masa a Ma'aikatar Ƙauna, inda ake azabtarwa. Azzaluman baya sun yi kuskure, in ji shi, domin sun kashe mutane alhali suna kan ra'ayinsu, sai mutanen suka zama gwarazan da ake tunawa. Jam'iyya ba ta son ko mutum ɗaya ya mutu yana ƙin ta. Shi ya sa O'Brien ke ɗaga yatsu huɗu, yana ƙara wa Winston azaba, ba don ya ce biyar ne da baki ba, sai don ya gan su biyar da idonsa.

Duk da haka abu ɗaya ya rage masa: bai ci amanar Julia a zuciyarsa ba. Domin wannan aka kai shi Ɗaki na 101, inda ake haɗa kowa da abin da ya fi tsoro. Nasa ɓeraye ne. Da aka kusanto da kejinsu fuskarsa, sai ya yi kururuwa a yi wa Julia maimakonsa. A ganina nan ne aka kashe shi, harsashi ya zama ba shi da wani amfani. An sake shi ya koma shan giya a shago, ba ya iya son kowa sai Babban Yaya.

Wasu na zargin Orwell da yanke ƙauna. Ni ban yarda ba. Gargaɗi ya yi, ba duba ba. Yana fama da tarin fuka ya kammala littafin a tsibirin Jura na Sukotland, ya rasu a Janairun 1950. Idan kana son ƙarin haske, nemi Gandun Dabbobi, fassarar Hausa da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa wani littafin nasa. A ci gaba da aiko mana da tambayoyi.